Yaya Tani da Gorar da Aka Ɗaga Domina

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Alhamis, 14 ga Sha'aban 1446, wadda ta yi daidai da 13 ga Fabrairu 2025, ana gab da kiran sallar azahar, Allah Ya karɓi ran yayata Hajiya Tani Attahiru a wani asibiti da ke Sakkwato, tana da shekara sittin da bakwai. Mun kai ta makwancinta a Shagari kafin magariba. Kwana tara ta yi tana jinyar raunin da aka ji mata a ka, a ƙofar gidana da ke Boɗinga. Gorar da ta fasa mata kai ni aka ɗaga wa. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta ta'aziyyar nan yana tausaya mini kafin ya ji abin da na aikata.

Yaya, shekara biyar kika ba ni, amma tun muna yara a Dingyaɗi kamar da ashirin kika girme ni. Kin tuna shekarar da Baba ya ajiye aikin masinja. Aka ba shi kuɗin sallama, ya haɗa da na shanu biyun da ya gada, ya sayi rabin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya. Watanta bakwai a hanya ta kife da lodin gyaɗa, direba ya mutu a ciki. Daga ranar Baba ya zama wani mutum dabam. Mutumin da ke dawo mana da rake a aljihu ya koma mai jifa da akushi. Ran da Inna ta kawo masa tuwo ba mai a miya, ya ɗauki igiyar jaki ya riƙa zabga mata a tsakar gida har haƙorinta na gaba ya fita. Ke kika ja ni bayan rumbu, kika cusa kaina cikin zanenki, kika toshe mini kunnuwa da tafin hannunki. Ke kin ga komi. Ni an rufe mini ido. Na daɗe ina tunanin ko shi ya sa ke kika ɗauki darasi daga wannan gida, ni kuwa ban ɗauki komi ba.

Shekara talatin da biyar kika yi kina aikin unguwarzoma. Kin fara a Boɗinga, kika yi shekara goma sha ɗaya, aka mayar da ke Kajiji, daga can kika ƙare a Shagari, garin mijinki marigayi Malam Attahiru. Ban san yawan jariran da suka faɗo hannunki ba, ke ma ba ki sani ba. Amma mutanen Kajiji ba da haihuwa suke tuna ki ba. Suna tuna ki da ranar da rikici ya ɓarke tsakanin manoma da makiyaya a kan ɓarnar gona, aka kwaso mutum bakwai zuwa ɗan asibitin ƙauyen, ba likita, ba mota. Wani an sare shi a kafaɗa har ƙashi ya bayyana, wani hannunsa fata kawai ke riƙe da shi. Kika shimfiɗa manomi da makiyayi a tabarma guda kina ɗinke su, jini har gwiwar hannunki. Sai ga wani ya shigo da adda tsirara, yana neman ya ƙarasa ɗaya daga cikinsu. Waɗanda suka gani sun ce ko ɗaga kai ba ki yi ba. Kika ce, "In kisa kaz zo yi, jira in ƙare ɗunki. Ba ni barin aiki rabi." Ya tsaya yana huci, ya dubi allurar tana shiga tana fita a naman mutum, ya juya ya fita. Shida daga cikin bakwai ɗin sun rayu.

Albashinki na fari tunkiya kika saya da rabinsa. Muka yi ta dariya, muka sa miki suna Tani mai tumaki. Ba ki kula mu ba. Duk lokacin da aka yi ƙarin albashi, sai ki ci gaba da zama a kan na da, ƙarin kuwa ki mayar da shi wani abu da za a iya taɓawa da hannu. Tumaki suka zama shanu, kika ba wani makiyayi mai amana, Isa, kiwonsu. Kika sayi wani yanki na fadama kusa da Shagari lokacin da ba mai so, kika haƙa rijiya, kika sa injin ban ruwa, kika shiga noman albasa. Kika kafa rudu a bayan gida, inda ake jera albasa ta sha iska, ba ki sayarwa sai ta yi tsada. Daga baya kika sa injin niƙa, kika gina shaguna biyu a bakin hanya kika ba da haya. Abokan aikinki suna sauya leshi duk biki, ke kuwa zannuwanki na fita uku ne, kowa ya san su. Da Malam Attahiru ya rasu ya bar miki Abdulaziz da Bahijja suna makaranta, ba ki kai kuka gidan kowa ba. Da kika ajiye aiki, kuɗin sallamarki ya yi shekara uku bai fito ba, amma ba a taɓa fasa ɗora tukunya a gidanki ba, kuma tukunyar ba ta gidanki kaɗai ba ce. Akwai tsofaffi huɗu a unguwarku da kwanonsu ke zuwa kullum.

Ba wai dukiyarki ba ta taɓa ganin masifa ba. Daminar 2021, da hantsi, 'yan bindiga a kan babura suka far wa Isa a makiyaya. Ya ƙi sakin sandarsa, suka harbe shi a wuya, suka kora shanunki goma sha tara da na wasu. Maza suka ji tsoron zuwa ɗauko gawar. Ke kika hau bayan babur kika tafi, sannan suka bi ki don kunya. Kika iske shi kwance ruf da ciki, ƙudaje sun rufe raunin. Kika juya shi, kika ɗaure masa haɓa, kika lulluɓe shi da mayafinki. Kin yi kukan Isa kwana da kwanaki, ban taɓa jin kin ambaci shanun ba. Matarsa kika ba ta ɗaki, kika damƙa mata injin niƙa, har yau da shi take ciyar da 'ya'yanta. Ni kuwa da na zo jaje, abin da ya fito daga bakina shi ne, ga irinta nan, mutum ya tara dukiya a daji. Kika dube ni kika ce, "Sun kore shanu, Sani, ba su kore hwadama ba." A shekarar albasa ta riƙe gidan, shaguna suka biya kuɗin makarantar jikoki.

Yanzu sai nawa labarin, wanda shi ya kashe ki.

Na ajiye aikin koyarwa a 2023, bayan shekara talatin da biyar ina koyar da lissafi. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: lissafi nake koyarwa. Ban ajiye komi ba duk tsawon aikina sai gidan da nake ciki da gonar gadona ta Dingyaɗi. Kuɗin sallamata suka fito farkon 2024, daidai lokacin da kaya suka yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Fanshona na wata bai sayen buhun gero. Na kan zauna in dubi kuɗin nan in ga suna narkewa ba tare da na taɓa su ba, sai tsoro ya kama ni, in tuna Baba.

A cikin wannan tsoro Shamsuddeen ya same ni. Tsohon ɗalibina ne, yanzu magidanci, ya zo da mota mai sanyi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce yana aiki da wani kamfani mai saye da sayar da taki da hatsi, duk wanda ya zuba jari ana ba shi ribar kashi ashirin cikin ɗari kowane wata, uwar kuɗinsa tana nan. Ya kai ni ofishinsu a Sakkwato, na ga gilashi da kujeru da 'yan mata masu kwamfuta. Aka ba ni lemo mai sanyi.

Na zo Shagari in gaya miki, ba don neman shawara ba, don ki yaba mini. Na iske ki bakin rudu kina tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Kika saurare ni har na gama, hannunki bai tsaya ba. Sannan kika ce, "Ka ga takin da idonka? Ina siton nasu shike?" Na ce ba a kai ni ba. Kika ce, "Wace sana'a ta wagga, wadda ba ta da rani ba ta da damana?" Kika ce in raba kuɗin. In sayi raguna in turke, in sa injin ban ruwa a Dingyaɗi, in gyara ɗakunan waje in ba malaman da ake turowa haya, saura in bar su a banki saboda ciwo. Kika ce ba za su sa in yi arziki ba, amma ba zan roƙi kowa ba. Na tashi na kakkaɓe rigata na ce da ke, "Ke dai kin tsufa cikin warin albasa, ba ki san inda duniya ta kai ba." Wannan magana na faɗa miki, Yaya. Kika ci gaba da tsintarki.

Na zuba kuɗin sallamata duka. Da riba ta zo wata biyu a jere, na sa gonar Dingyaɗi a kasuwa don in ƙara. Da kika ji, kika sayar da shago guda kika saye gonar daga hannuna a farashin da na yanka, don kada kabarin kakanninmu ya koma hannun baƙo. Ko godiya ban yi ba. Na karɓi kuɗin na kai wa Shamsuddeen.

Da a nan na tsaya, da ni kaɗai na halaka. Amma akwai majalisar da muke zama, mu 'yan fansho, a gindin dogonyaro kusa da masallacin unguwarmu. Na riƙa zuwa da sabuwar babbar riga, ina nuna musu saƙon banki a wayata. Sun san ni malamin lissafi ne, sun ce in Malam Sani ya shiga, to abin ba shi da shakka. Mutum talatin da ɗaya na kai. Duk wanda na kai ana ba ni la'ada, kuma ban gaya wa ko ɗaya daga cikinsu ba. A cikinsu akwai Sodangi, wanda ya yi shekara talatin yana gadin makarantarmu. Bai iya karatu ba. Ni na cika masa takarda da hannuna, na kama babban yatsansa na dangwala. Matarsa tana fama da ciwon ƙoda, ya ce da ribar zai riƙa kai ta asibiti duk wata. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

A watan Disamba biya ya tsaya. Aka ce matsalar banki ce. A Janairu muka je muka iske ofishin da kwaɗo, an kwashe har labule, wayar Shamsuddeen a kashe. Mutane suka fara zuwa ƙofar gidana. Na shige ɗaki na ce wa matata Asiya ta riƙa cewa na yi tafiya. Mako uku ina kwance ina jin sallamar tsofaffi, waɗanda muka yi sahu ɗaya da su shekara da shekaru, ina jin Asiya tana yi musu ƙarya. A cikin makonnin nan matar Sodangi ta rasu. Na ji shelar jana'izarta daga ɗakina ban fito ba. Sannan wani ya gano maganar la'ada, ta bazu a gari.

Ranar Talata, 4 ga Fabrairu, tun da hantsi Asiya ta ga ana taruwa a bakin layi, ta buga miki waya ba da sanina ba. Bayan azahar suka zo. Tsofaffin ne a gaba, amma 'ya'yansu da jikokinsu sun fi yawa, waɗanda aka cire daga makaranta, waɗanda aka fasa aurensu, waɗanda suka ga ubanninsu suna kuka. Suka karya ƙofar zaure da bulo. Asiya ta tare ƙofar ɗaki, aka hankaɗe ta ta bugu da turmi. Suka jawo ni daga ƙarƙashin gado ta ƙafa, suka ja ni a ƙasa tun daga tsakar gida har waje, bayana yana gurzar tsakuwa. Duka ya riƙa sauka ta ko'ina, da ƙafa, da icce, da dutse. Na ji haƙarƙarina ya karye. Wani ya taka mini hannun da nake rubutu da shi har yatsu biyu suka juya baya. Na ji muryoyin da na sani suna cewa a kashe ɓarawo. Sannan aka rataya mini taya a wuya, na ji sanyin fetur yana gangarowa daga kaina zuwa cikin idanuna. Na fara kalmar shahada, bakina cike da jini da ƙasa.

Ban ga saukarki daga babur ba, Asiya ce ta gaya mini. Ta ce ba ki yi gudu ba, ba ki yi ihu ba. Kin ratsa taron da zanenki mai ruwan ƙasa kina ture ƙattai da hannu ɗaya, kina kiran sunayensu. Shekara goma sha ɗayan da kika yi a Boɗinga ba su tafi banza ba, rabin masu dukana a hannunki aka haife su. Abin da na fara ji shi ne muryarki kusa da kaina, kina magana da wanda ke riƙe da jarkar fetur: "Kai Maniru, ni niy yanke maka cibiya. Aje jarkag ga." Ya ajiye. Kika cire tayar daga wuyana da hannunki kika jefar. Kika juya ga tsofaffin kika ce, "Ya ci amanakku, gaskiya ta, ba ni musu. Ku kai shi ga hukuma, ni da kaina ina raka ku. Amma ba a ƙone mutum gabana."

Taron ya fara sanyi. Na ga ƙafafu suna ja da baya. Da minti ɗaya aka ƙara, da yau kina fadamarki.

Sodangi bai ji abin da kika ce ba. Yana can baya, ya ratso ne a guje da gorarsa ta gadi, mai ƙarfe a kai, ya ɗaga ta da hannu biyu ya nufo kaina. A daidai lokacin kika sunkuya don ki ɗaga ni. Na ji ƙarar, Yaya. Kamar an fasa tulu cike da ruwa. Kika faɗo a kaina, jininki mai ɗumi ya gauraya da fetur a fuskata. Ɗankwalinki ya lotsa cikin raunin. Nan take kowa ya watse a guje, wasu da takalmi ɗaya a ƙafa. Sodangi kaɗai ya rage. Ya saki gorar ya zauna daɓas a ƙasa yana kallon ki, bakinsa a buɗe. A nan 'yan sanda suka iske shi.

Aka kai mu Sakkwato a mota guda. Likitoci suka ce ƙoƙon kai ya fashe, jini ya taru a ciki, sai an yi aiki da gaggawa. Kuɗin da aka nema masu yawa ne. Abdulaziz ya buga waya Shagari aka kai raguna shida kasuwa, aka ɗauko abin da kika ajiye a banki domin irin wannan rana, kafin la'asar ɗin washegari an biya komi. Ba a yi shela a masallaci ba, ba a bi gidan ɗan siyasa ba. Har karayar haƙarƙarina da yatsuna da dukiyarki aka ɗaure su. Ina kwance a ɗakin maza ina jin ana kawo mini magani, na san da kuɗin albasar da na zaga aka saye shi.

Ranar kwana na shida kika farfaɗo. Aka tura ni a keke zuwa bakin gadonki. An aske miki kai, fuskarki ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Na kama ƙarfen gadon ina neman gafara, kalmomin suna sarƙewa. Ba ki bi ta kansu ba. Da murya ƙasa-ƙasa kika tambayi Bahijja, "An yanke ma albasa ruwa? Ta kusa isa cira." Ta ce an yanke. Sannan kika juyo da idon da ke gani kika ce da ni, "Matar Sodangi ta rasu. Ka tahi gaisuwa?" Na ce ban je ba. Kika rufe idon, na ɗauka barci ya ɗauke ki. Can kika ce, "In ka tashi, ka bi gidajen mutanen ga ɗaya-ɗaya. Ba ka da abin ba su, na sani. Su dai ga huskarka. Ɓoyon da kay yi ya hi ɓatan kuɗɗin ƙona masu rai." Wannan ce maganarki ta ƙarshe da ni. Washegari zazzaɓi ya rufe ki, jinin ya sake taruwa, ba ki ƙara magana ba.

Na fara abin da kika ce, Yaya. Gida goma sha huɗu na shiga zuwa yau, da sanda nake dogarawa. Wasu sun bar ni tsaye a rana. Wani tsohon malamin gona ya tofa mini yawu a riga, ban share ba sai da na fita layinsu. Wata gwauruwa da ta zuba kuɗin sallamar mijinta ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta yi mini gaisuwarki tana kuka, wannan ya fi yawun zafi. Na ga gidajen da aka sayar da katifa, na ga tsohon da ya koma dakon itace yana da shekara saba'in. Na kai wa hukuma duk takardun da ke hannuna, na faɗi maganar la'ada da bakina, na sa gidana a kasuwa don a raba musu abin da ya samu, ko da ba zai kai ko'ina ba. In shari'a ta ce a ɗaure ni, ba zan ɗaukaka ƙara ba.

Na je gidan yari wurin Sodangi. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Masu tsaronsa sun ce ran da aka gaya masa kin cika, ya riƙa buga goshinsa da bango sai da aka ɗaure shi. Muka zauna muna kallon juna ta tsakanin ƙarafa. Ya ce, "Malam, ni kai nin nuhwa." Na ce na sani. Ya ce, "Ita tak karɓi haihuwar ɗiyana huɗu." Na yi masa gaisuwar matarsa, wata guda da rabi bayan lokacinta.

Ga waɗanda ke gab da ajiye aiki, ba ni da bakin yi wa kowa nasiha, sai dai in faɗi abin da na gani. Mu biyu ciki ɗaya muka fito, albashinmu bai bambanta da yawa ba. Ita ta fara tanadi tun tana da shekara ashirin da ɗaya, kaɗan-kaɗan, a wurare dabam-dabam, a cikin abin da ta sani kuma take iya zuwa ta duba. Ni na jira har ƙarshe, na ɗauki komi na miƙa wa abin da ban taɓa gani ba, don ina jin tsoro kuma ina jin kunyar a ce ina kiwon raguna. Ita ta tsufa tana ciyar da mutane. Ni na tsufa na jawo wa gida talatin da ɗaya yunwa. Kuma duk tsantseninta bai tsare ta daga wautata ba, domin abin da mutum ya yi da kuɗin tsufansa ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai.

Yaya, ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Bahijja, wadda ta kwana tara a ƙasan gadonki, da jikokinki bakwai, da dangin marigayi Malam Attahiru. Ina yi wa matar Isa da 'ya'yanta ta'aziyya, su da suka yi maraici sau biyu. Ina yi wa matan Kajiji da suka cika mota biyu suka zo ranar uku, da ma'aikatan fadama, da tsofaffin nan huɗu da Bahijja ta ce kwanonsu zai ci gaba da zuwa.

Abdulaziz, ɗana, na miƙa maka hannu a maƙabarta ba ka karɓa ba, ranar uku ma ka tashi daga tabarma da na zauna. Ban ga laifinka ba, kuma ba zan aiko kowa ya ba ka baki ba. Kai ka ɗauki mahaifiyarka a kafaɗa ka ga abin da aka yi wa kanta. In ka yafe wata rana, falala ce daga gare ka. In ba ka yafe ba, haƙƙinka ne.

Ya Allah, ga baiwarKa Tani ta zo Maka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sanya zafin da ta sha ya zama kankarar zunubanta, Ka karɓe ta cikin waɗanda aka kashe suna hana zalunci. Duk ran da ya zo duniya ta hannunta, da duk cikin da ya ƙoshi daga tukunyarta, Ka sa su a mizaninta. Ka haɗa ta da Inna da Baba da mijinta a Aljannar Firdausi. Ka mayar wa waɗanda na cuta da abin da ya fi wanda suka rasa, Ka sassauta wa Sodangi. Ka ba 'ya'yanta haƙurin rashinta, Ka ba su haƙurin ganina.

Muhammad Sani, Boɗinga.